Garar da Aka Raba da Almakashi

Rabin mutanen da ke tsakanin Macroom da Ballyvourney ni na karɓi haihuwarsu, ɗaya rabin kuma ni na wanke gawar iyayensu. Saboda haka in na ce na san halin mutanenmu, ba cika baki na yi ba. Sunana Joney Twomey, ungozoma. Na ga marowata iri-iri, amma mai hannun jarirai irin Batt Creedon ban taɓa gani ba, kuma 'yarsa Gobnait ce ta ɗanɗana kuɗar wannan hali nasa.

Gobnait doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ga wushirya, ga dariya wadda ake ji daga ƙetaren rafi. In tana tatsa waƙa take yi wa shanun, su kuwa su tsaya cak. Man shanun da take kaɗawa ba a taɓa dawo da shi daga kasuwar Cork ba, shi ya sa ma ubanta ya riƙe ta a gida har ta doshi talatin, don ya san ranar da ta fita sai ya ɗauki 'yar aiki. Da aka zo da maganar Murty Lehane, ba wanda ya tursasa ta. Ita ke sonsa. Ta ce mini yana da sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ban gaya mata ba a lokacin, amma akwai sanyin halin da ba kirki ba ne, rashin ƙashin baya ne kawai.

Garar mace a wajenmu kuɗi ne, uba ke bayarwa, ba ta shiga gidan miji hannu rabbana. Kuma kuɗin ba sa zama. Miji ya karɓa ya aurar da 'yar'uwarsa da su, wancan mijin ma ya aurar da tasa, har gara ɗaya ta fitar da mata huɗu kafin ta huta. A gidan Murty akwai yayarsa Nonie, wadda Darby Riordan ya daɗe yana jira. Garar Gobnait ita ce ƙofar fitar Nonie, kowa ya san haka.

Zamanin yaƙin Ingila da Faransa ne. Zinariya ta ɓuya, sai takarda ko'ina. Duk attajirin da ke da kanti da kwalbar tawada sai ya buɗe banki ya buga tasa takardar, ya sa hannu a ƙasa, mu kuma mu karɓa don mun san shi, muna ganinsa a kan doki ranar kasuwa. Na Batt takardun bankin wani falken man shanu ne a cikin gari, sababbi fil, na fam arba'in.

Ranar biki, bayan an dawo daga coci, ya baje su a kan teburin girki gaban jama'a. Murty ya miƙa hannu. Sai Batt ya ce, “Dakata, suruki, ina gaggawar?” Ya ciro almakashin da yake yi wa tumaki aski, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana raba su gida biyu.

Yanka takardar kuɗi ba baƙon abu ba ne. Mai aika kuɗi nesa yakan tura rabi, sai an ce ya isa ya tura ɗaya rabin, don ɓarawon hanya ya tashi a tutar babu. Banki ba ya karɓa sai an haɗa, lambar wannan gefe ta yi daidai da ta wancan. Dillalan shanu ma suna yi, rabi ranar ciniki, rabi ranar da saniya ta isa gida lafiya. Amma a kan mace ban taɓa gani ba sai rannan.

“Ga naka,” in ji Batt, ya tura masa tsibi ɗaya. “Wannan kuma yana wurina har ranar da Fada, limamin cocinmu, ya yi wa jikana baftisma a coci. Ba zan zuba gumina a gidan da zai koma hannun dangin wani ba.”

Nonie ta ce, “Baba Batt, karsana ka kawo mana ne da za a jira ta haihu?”

“To ke me aka kawo, da har yanzu ba a ɗauka ba?”

Maza suka bushe da dariya, mai goge ya ja gogensa, aka tashi rawa. Gobnait ma ta yi dariya, don a ganinta maganar shekara ɗaya ce. Nonie kuwa ba ta yi ba.

Shekara ta zagayo shiru. Ta biyu ma haka. Rabin takardu na cikin tulu a saman bangon Murty, ɗaya rabin na ƙarƙashin katifar Batt, babu wanda zai iya sayen ko allura da nasa. Gidaje biyu suka zuba wa cikin mace ɗaya ido. Ranar Lahadi a bakin coci mata ba fuskarta suke fara kallo ba. Ta yi zagayen rijiyar waliyyiyar da aka sa mata sunanta, a kan gwiwoyi, har suka sassaɓe. Ta sha duk wani ganye mai ɗaci da na sani, da wanda ban sani ba.

Nonie ba ta zagi, da ma zagi take yi da ya fi sauƙi. Sai ana cin dankali ta ce, “Ci da yawa, amarya, ko Allah zai sa wani abu ya zauna a ciki.” Ko kuma in aladiya ta haihu ta leƙo ta ce, “Murty, zo ka ga mai kunya, ba a yanka mata takarda ba amma ta cika alkawari.” Murty ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba Yaya,” shi ke nan iyakar jarumtarsa. Ba na wanke Nonie, amma na san abin da ke cin ta. Gashinta ya fara fari, Darby ya fara rage zuwa, ita kuma rayuwarta na cikin tulu an yanka ta biyu.

Gobnait ta je wurin ubanta sau ɗaya. Ta ce, “Baba, ka ba su rabin nan don Allah, Yaya Nonie ta tafi, ni ma in sha iska.”

Ya ce, “In na bayar yau, gobe su koro ki da 'yar jakarki. Takardun nan su ke riƙe da ke a gidan, ke dai ba ki da wayo.”

Abin haushin shi ne, ta wani gefen gaskiya ya faɗa.

A shekara ta huɗu ta sami ciki. Naƙuda ta zo kafin lokaci, da rana tsaka ana yankan ciyawa. 'Ya mace ce, ƙarama, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ta yi numfashi, ta yi ɗan kuka kamar na kyanwa. Da na ga launinta na san ba mai zama ba ce, sai na ɗebo ruwa a bokiti na yi mata baftisma da kaina, kamar yadda aka yarda ungozoma ta yi in ba lokacin kiran Fada. Kafin rana ta karkata ta koma.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta da shi ba. Murty ya sa gawar a akwatin kyandir, maimakon ya nufi maƙabarta sai ya nufi gidan Batt, Nonie na biye da shi, ni ma suka ja ni don in yi shaida. Ya buɗe akwatin a kan katangar tsakar gida.

“Ga jikarka. An yi mata baftisma, tambayi Inna Joney.”

Batt ya leƙa kamar mai duba haƙoran doki. “Fada na ce, a coci na ce, kuma kowa ya ji. Ban ce Joney da bokiti ba.”

“Ta yi numfashi fa!”

“Ni ma ina yi, wa ya ba ni fam arba'in?”

Nonie ta ce, “Ko rabin abin ka saki mana, tsoho, ka ji tsoron Allah.”

“Rabi ai yana hannunku.”

Na rufe akwatin na ɗauke shi na ce musu duk su ukun Allah ya isa tsakaninsu da yarinyar nan. Ni da mijina muka binne ta. Uwar tana can kwance ita kaɗai, tana tsammanin mijinta ya tafi neman wa 'yarsa wuri mai kyau kusa da kabarin kakanninta. Ban gaya mata ba. Nonie ce ta gaya mata, washegari, tana miƙa mata kunu.

Kafin azumi na gaba Darby Riordan ya auri wata daga Millstreet mai garar zinariya. Daga rannan Nonie ta daina ba'a. Gobnait kuma ta daina yi wa shanu waƙa.

Sai a bazarar 1820 Allah ya kawo namiji, ƙato, mai kuka kamar zai tsaga jinka. Aka kai shi coci, Fada ya zuba masa ruwa gaban kowa, aka sa masa Thady. Batt ya zo da tsibinsa a cikin hula, fuska kamar an yi masa mutuwa. Aka dama garin alkama, aka yayyanka siraran takardu, aka zauna ana neman lamba da lamba ana liƙewa ta baya. Gobnait da kanta ta liƙe, jariri a cinyarta, tana dariyar nan tata da muka manta da ita. Ta raɗa mini, “Inna Joney, yau na shigo gidan nan.” Na ji daɗi har na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Aka jera takardun kusa da murhu suka bushe. Ranar kasuwa Murty ya sa rigarsa ta coci ya tafi gari. Ya tarar da titi cike da mutane, ƙofar banki a rufe, tagogi an buga musu katako. Mata na kuka, wani tsoho na yayyaga takardunsa yana watsawa sama. Tun da yaƙi ya ƙare farashin man shanu da naman gishiri ke faɗuwa, mu ba mu san ramin da ake haƙawa ƙarƙashinmu ba. Bankunan Cork suka fara rufewa, na ƙananan garuruwa suka bi su kamar an ture jerin kwanoni. Cikin 'yan makonni ka yi tafiyar yini da aljihu cike da takarda ba ka sami mai sayar maka da burodi ba. Mai bankin namu an ce ya hau jirgin ruwa, an ce yana ɓoye a gidan surukinsa. Ko ma ina yake, sa hannunsa dai ya zama tawada kawai.

Mai hankali zai ce masifa ce ta sauko wa ƙasa baki ɗaya. Amma mutanenmu ba sa iya fushi da wanda ba sa gani, sai sun nemo na kusa.

Murty ya je wa Batt da takardun. Batt ya ce, “Abin da na yi alkawari na bayar, gaban shaidu. Shekara bakwai takardun nan suna da rai. Da matarka ta haihu lokacin da mata ke haihuwa, da tuni kun ci kun sha. Ni ma nawa sun ƙone, je ka yi kuka a gidanku.”

Wannan magana Murty ya kawo gida, Nonie ta karɓe ta hannu biyu. A gabana ta faɗa, ina shafa wa jaririn mai.

“Ubanki ma ya faɗa, nawar cikinki ce ta cinye kuɗin. Kin cinye gara, kin cinye mini aure. Mace da ta shigo ba gara ai ba matar gida ba ce, baƙuwa ce.”

Gobnait ta dubi mijinta. “Murty, kana ji?”

Ya ce, “Bari dai ƙura ta lafa.” Ya ɗauki hularsa ya fita duba shanu.

Ba su kore ta nan take ba, sun fi haka dabara. Suka bari ta shayar da yaron har ya yi ƙwari, ya fara tafiya. Ranar da aka yaye shi, Nonie ta ɗaure mata kayanta a mayafi ta ajiye a bakin ƙofa. Aka ce ta koma gidan ubanta har ya biya gara ta gaskiya, yaro kuwa ɗan Lehane ne, magajin gona, ba inda za shi. Fada ya yi magana a kai ranar Lahadi ba tare da kama suna ba, kowa ya gyaɗa kai, aka watse. Ranar da aka fitar da ita, Gobnait ta yi ta dukan ƙofar har hannunta ya kumbura, yaron na kuka daga ciki, Murty na zaune a rumbu, ɗakin da muke ajiye ciyawa, ya toshe kunnuwa.

Batt bai karɓe ta ba. Ya ce in ya buɗe mata ƙofa ya yarda ke nan ana bin sa bashi, ga kuma matar ɗansa ta riga ta kama gidan. Mijina ya jingina mata 'yar bukka a jikin bangonmu. Ta ƙi tafiya aikatau Cork, ta ƙi bin masu hawa jirgi zuwa ƙasashen ƙetare, ko da yake da hannunta na man shanu ko'ina za a ɗauke ta. Daga bakin bukkar ana hango hayaƙin gidan Murty, wannan kaɗai ya zaunar da ita.

Haka ta rayu. Ta yi wa mutane tonon dankali, ta ɗauko ƙasar fadama da muke busarwa mu hura wuta da ita, ta kaɗa man wasu. A coci takan tsaya can baya inda za ta ga ƙeyar Thady. Ta san ranar da ya fara sa wando, ta san ranar da muryarsa ta buɗe. Tana cewa, “Bari ya girma, Inna Joney. Yaro ne, abin da aka gaya masa ya sani. In ya mallaki hankalinsa zai zo da ƙafarsa.” Kada wani ya ce bai san ko wace ce ba. A ƙauye irin namu ba a ɓoye wa yaro uwarsa. Nonie, wadda yake kira Gwaggo, ta gaya masa tun yana ƙarami, ta kuma gaya masa wannan ce matar da ta talauta gidansu. In sun haɗu a hanya sai ya kalli katanga.

Ƙasa ta farfaɗo. Manyan bankuna suka zo da rassa da gine-ginen dutse, suka buga sababbin takardu, har ma aka daidaita kuɗinmu da na Ingila. Tsofaffi suka daɗe ba sa yarda, sai zinariyar da za su gatsa da haƙori, amma yara suka saba, aka manta. Batt ya mutu da dukiya, don ya sake tarawa. Waɗanda suka yi asara duk suka warke, ban da wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa kashe takardar ba.

Thady ya haura ashirin lokacin da ciwon ƙirji ya ɗauke Murty. Ni na wanke shi. Da na dawo na tarar da Gobnait ta wanke fuska, ta yafa baƙin mayafin da ta ara. Ta ce, “Mijina ne, a coci aka ɗaura, ba wanda ya kwance. Kujerar matar mamaci da ke wajen kan gawa tawa ce. Yanzu Thady ne mai gida, ba Nonie ba.” Na ce ta bari, ta ƙi, sai na bi ta.

Da safe ne, gidan cike, ana shirin ɗaukar gawa. An ɗauko mata biyu daga ƙauyukan kan dutse, irin masu kukan makoki da ake biya, sun yi nasu sun gaji. Gobnait ta shiga ɗakin. Nonie na kan kujerar, ba ta motsa ba. Gobnait ta durƙusa a gefen gawar ta buɗe murya.

Na ji kukan makoki a rayuwata ba adadi, ban taɓa jin irin wannan ba. Muryar nan da ke tsayar da shanu ce ta dawo. Ta kira shi da sunansa, ta tuna masa ranar da ya fara zuwa gidansu da laka a takalmi, ta tambaye shi ina ya ajiye 'yarsu ta fari, ta tambaye shi ko sanyin da yake ji yanzu ya kai na bukkarta. Ba ta zage shi ba. Maza suka sunkuyar da kai, mata suka yi ta sheshsheƙa, har masu kukan haya suka rufe fuska.

Da ta yi shiru, Thady ya taso daga bakin murhu. Dogo ne, kafaɗunta ya ɗauko. Jama'a suka buɗe masa hanya. Ta ɗago kai tana dubansa, ni kuwa na ce a raina yau dai Allah ya yi. Ya tsaya a kanta, ya kama hannunta ya buɗe tafin, ya saka mata sule ɗaya, daidai abin da ya ba kowace daga matan nan biyu.

Ya ce, “Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah, kin iya. Masu kuka a rumbu ake ba su abinci.”

Ba wanda ya tsawata masa. Gida cike da mutanen da na karɓi haihuwarsu, babu namiji ko ɗaya a ciki. Na buɗe baki zan tsine masa, sai ta riƙe mini zane. Ta tashi da kyar ta fita, ba ta bi ta rumbun ba.

A hanya ina ta zage-zage, na zagi Nonie, na zagi Batt a kabarinsa, na ce ta ba ni sulen nan in jefa shi a rafi. Ta ƙi buɗe hannun. Mun kusa gida ta tsaya ta dube ni, fuskarta har da ɗan haske, abin da ya fi komai ƙona mini rai.

Ta ce, “Kin gani, Inna Joney? Ya riƙe hannuna. Rabon da ya taɓa ni tun yana shan nono. Hannunsa da ɗumi.”